Bencin Awo Ya Cika, Sista Talatu

Zuwa ga aminiyata Sista Talatu,

Bayan gaisuwa mai yawa. Na san wannan takarda ba za ta same ki ba. Babu mai kai miki, kuma ba za ki ƙara ɗora tabarau a kan hanci kina gyara mini rubutu da jan biro ba. Amma yau wata takwas da aka aiko daga ƙasarku cewa kin rasu, labari ya taru mini a baki, kuma duk garin nan ke kaɗai ce za ki ji shi ki yi dariya daidai inda ya kamata. Shi ya sa na ciro takardu daga tsakiyar tsohon littafin awo, na zauna a gindin darbejiyar asibiti bayan la'asar ina rubuta miki.

Bari in fara da babban, don na san ba ki da haƙurin doguwar gaisuwa. Asibitinki ya kusa rufewa, Sista, kuma ni ce sila. Kada ki miƙe tukuna, zauna ki ji.

Da labarinki ya iso mun yi miki zaman makoki kwana uku a harabar nan. Ba wanda ya san yadda ake zaman makokin Baturiya, sai kowa ya yi irin nasa. Fasto da mutanensa suna gefe guda suna waƙoƙinku, mu muna gefe guda a kan tabarmi, matan Fulani kuma suka yi ta saukowa daga rugagen bayan Gwiwa da ƙoren nono a ka. Nonon da aka tara a ranar, da kina nan da kin ce a kai firiji kafin ya lalace, mu kuma da mun yi miki dariya.

Bayan sati uku manyanku na mishan suka zo a farar mota. Suka ce ba su da wadda za su aiko daga waje ta zauna a madadinki, yaran ƙasarku na yanzu wata uku suke yi su koma. Sai suka damƙa asibitin a hannun yarinyarki, tunda ita ce mai takardar jinya da ta ungozoma, kuma shekara tara tana aiki a gefenki. Amma suka ce za su dawo bayan an yanke gero. In sun tarar mata na zuwa, aiki ya ci gaba. In sun tarar benci wayam, za su kwashe firijin rigakafi da gadon haihuwa da sola su kai inda ake buƙata. Kin san abin da wannan ke nufi. Mace mai naƙuda a bayan babur har Kazaure, da damina, ta rafin nan da ke cika ya raba mu da titi.

Na ce yarinyarki, kuma na san a nan za ki tsuke baki kamar yadda kika saba. 'Yata ce, ni na haife ta, amma 'yar fari ce, kuma a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Kin tuna ranar da muka fara haɗuwa? Shekara talatin da ɗoriya ke nan. Ba ki fi wata biyu da zuwa ba, mutanen gari sun riga sun laƙaba miki Talatu saboda ran Talata kika sauka, sunanki na gida kuma ya gagari harshenmu. Ƙyanda ta kama yarinyar. Surukata ce ta goyo ta, ni na biyo baya na zauna a bakin ƙofa na juya baya. Kika tambayi wace ce uwar, aka nuna ni. Kika tambaye ni sunanta, na sunkuyar da kai. Kika sake tambaya, na kalli bango. Fuskarki ta yi ja har kunne, kika sa tafinta ya gaya mini ba ki taɓa ganin uwa mai taurin zuciya irina ba.

Ga abin da ban taɓa gaya miki ba. Kwana huɗun da ta yi a kwance a ɗakinki, kina tsammanin na koma gida na bar ta wa kakarta. Ban koma ba. A bayan tagar nan ta yamma na yini kullum, a tsakanin garka da bango, ina sauraron numfashinta. Ni ce na tattake miki yakuwar da kika shuka, ba awakin maƙwabta ba. Shekara talatin kina jin haushin awakin bayin Allah, ni kuwa na yi shiru na bar su da laifi.

Daga wannan faɗan muka ƙulla. Da kika ji kakata na koya mini ungozomanci, sai kika aiko a kira ni, kika ce in zo mu yi aiki tare, ke ki koya mini naki, ni in koya miki mutane. Kika koya mini wanke hannu har gwiwar hannu, da dafa almakashi, da rubuta kati. Ni kuma na koya miki cewa ba a tambayar mara lafiya ciwonsa kafin a tambaye shi gida da gajiya da sanyi. Wannan darasin ya ba ki wuya. Sai in ga ƙafarki na rawa a ƙarƙashin tebur tsohuwa na lissafa miki jikokinta ɗaya bayan ɗaya.

Har yanzu in na rufe ido ina ganin yininmu. Kiran sallar asuba shi ne agogonki, da shi kike tashi ki kunna risho ki dafa shayin nan naki marar sukari da ban taɓa gane daɗinsa ba. Kafin rana ta fito kin leƙa firiji kin rubuta sanyinsa a takardar da ke manne a murfi. Ƙarfe bakwai ku taru da Fasto da ma'aikata ku yi waƙa da addu'a, ni ina bayan ɗaki ina dafa kayan aiki, in kun gama ki leƙo ki ce kin saka ni a ciki ko ina so ko ba na so. Sannan a buɗe ƙofa, benci ya riga ya cika. Masu ciki a dama, masu goyo a hagu, sikeli a rataye a reshen darbejiya, yara na ta tsala ihu tun kafin su ga allura. Ran Alhamis mu ɗaure akwatin rigakafi a bayan babur mu nufi rugage, ke a gaba da hular kaba, ni a baya ina salati a kowane rami.

Abin da ya sa mutane suka yarda da ke, ina ganin, maganar shan magani ce. Da farko kina cewa a sha sau uku a rana, sai wani ya haɗiye duka ukun da hantsi ya huta. Da kika gane, sai kika koma faɗa da lokutan salla: ɗaya bayan asuba, ɗaya bayan azahar, ɗaya bayan lisha. Da azumi ki mayar da shi sahur da buɗa-baki, wanda kuma ciwonsa bai yarda da haka ba ki ce ya je ya tambayi malaminsa ya dawo miki da amsa. Liman da kansa ya taɓa cewa wannan Baturiyar ta fi wasu 'yan sahun gaba sanin lokacin azahar.

A kan abu ɗaya ne ba mu taɓa shiryawa ba. Kin fahimci al'adar 'yar fari daga baya, har kin ba ni haƙuri, amma ba ki yarda da ita ba. Kullum cewa kike yaro na buƙatar ya ji da kunnensa, ni kuma in ce ai ya sani ko ba a faɗa ba. Don ki tsokane ni sai ki tsaya a tsakar asibiti ki kwaɗa mata kira da cikakken sunanta kina kallona ta saman tabarau. Ke kika tsaya mata ta yi makaranta, ke kika raka ta Kano da akwatinta, ranar da ta karɓo takardarta ke kika yi rawa. Ni ina gefe ina tankaɗe, na ce to madalla.

Kuma tunda yau ranar faɗin gaskiya ce: ranar da za ki tafi ƙasarku a yi miki aiki, duk gari ya fito rakiya, ni kaɗai ban fito ba. Kika biyo ni bayan ɗaki kika ce za ki dawo kafin ruwan fari. Na ce Allah ya kiyaye hanya ina ta dirzar kwanon da na riga na wanke sau biyu. Kin ɗauka fushi nake don za ki bar mini aiki? Ba fushi ba ne. Na san in na ɗago kai zan yi kuka a gaban yara. Ina ƙaunarki, Sista, kuma na yi kewarki fiye da yadda na zata mutum zai yi kewar wanda ba danginsa ba.

To, ga yadda na yi ɓarnar. Bayan tafiyar manyanku, mata suka riƙa jawo ni gefe suna tambaya ko hannun yarinyar ya kai. Ni suka saba tambaya, ai ni na tsaya miki tun farko lokacin da ake cewa allurarki na hana haihuwa. Me zan ce? In buɗe baki in yabi 'yar farina? Sai na faɗi abin da kowace uwa za ta faɗa. Na ce yarinya ce, me ta sani, Allah dai ya rufa asiri. Matan garinmu sun gane, sun yi murmushi sun wuce. Amma magana ta hau babur ta bar kunyar a gida. Kafin ta kai kasuwar Gwiwa ta zama wai tsohuwar ungozomar asibitin mishan ta ce sabuwar ba ta san komai ba. A Roni aka ƙara mata gishiri. Har daga Kanya Babba wata ta aiko tana tambaya ko gaskiya ne an bar asibiti a hannun 'yar koyo. Mutanen can ba su san ni na haife ta ba, kuma ta ina za su sani, tunda ban taɓa nunawa ba?

Benci ya fara raguwa. Ranar awo da muka saba ba ma cin abinci sai la'asar, kafin hantsi ya dubi ludayi mun sallami kowa. Ran Alhamis yarinyarki ta ɗaure akwati ta tafi rugage, ta dawo da kwalaben rigakafi yadda ta tafi da su. Ta ji maganar, na san ta ji. Kullum da safe ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce Yaya ina kwana, don Yaya take ce mini tun tana ƙarama, sannan ta je ta leƙa firiji ta rubuta sanyinsa kamar kina nan za ki duba. Wannan shirun nata ya hana ni jin daɗin abinci.

Na yi dabaru, kada ki ce ban yi ba. Na aiki matar Fasto kasuwa ta yabe ta, aka ce ai 'yar mishan ce, dole ta yabi nasu. Na kai wa matar mai unguwa goro na roƙe ta ta yi magana a gidajen suna, aka ce mata a'a, daga bakin Uwale, wato ni, muke so mu ji. Har zama na yi a kan benci ran kasuwa na miƙa wa yarinyarki hannu ta auna mini hawan jini a gaban jama'a, don su ga na yarda da ita. Kin san abin da aka kwasa? Wai Uwale ma ba ta da lafiya, asibiti ya ƙare. Kwana uku ana zuwa mini sannu.

Sai ranar wata Laraba, ana tsakiyar marka, da hantsi. Aka kawo wata yarinyar Fulani a amalanken shanu, don rafi ya hana babur wucewa. Ta haihu a ruga tun da asuba, yaro lafiya lau, amma mabiyiya ta ƙi faɗowa, jini kuma ya ɓalle. Mata sun fi goma a biye da ita, ga namu na bakin rijiya sun ajiye tuluna sun taho. Surukarta, wata dattijuwa doguwa mai kaifin baki, ta tsaya a ƙofar ɗakin haihuwa ta tare hanya da hannu. Ta ce sun ji labari, Uwale kaɗai za ta taɓa ta.

Na shiga na yi abin da na sani. Na shafa mara, na sa ta yi nishi, na jira. Da na buɗe tafin hannunta na ga ya yi fari fat, na san jini ya zuba da yawa. Sau biyu na ga irin wannan a zamaninki, kuma duka biyun aikina shi ne in riƙe ledar ƙarin ruwa in yi abin da kika ce. Na waiwaya, sai na hango yarinyarki a bayan kafaɗar dattijuwar, ta riga ta sa safar hannu, ta ɗaga hannuwan sama yadda kika koya mata, tana tsaye ba ta shigo ba saboda babba ta hana. Me kike so in yi, Sista? In riƙe kunyata 'yar mutane ta tafi?

Na fito bakin ƙofa, a gaban kowa, na ɗaga murya yadda na san har na bakin rijiya za su ji. Na ce, “Wannan aikin ya fi ƙarfina. Duk ƙasar nan babu hannun da ya kai na Hafsatu. Ni na haife ta, ni na sani. Hafsatu, shigo.”

Ba ta motsa ba. Waiwayawa ta yi tana neman wanda ya kira ta. Tun da ta zo duniya ba ta taɓa jin sunan nan da muryata ba, sai kunnenta bai haɗa su ba. Sai da na sake kira sannan ta dube ni. Dattijuwar ta sauke hannu ta matsa.

Da kin ga aikin, da kin yi rawar nan taki mai ban kunya. Ta sami jijiya a karo ɗaya a hannun da ni ban ga komai ba. Ta ɗaura ruwa, ta yi allura, ta sa hannu a hankali tana yi wa yarinyar magana da Fulatancin da ta tsinta a yawon rigakafi. Ni ta ba ni leda ta ce in ɗaga sama, in danna nan, in duba agogo, ba ko Yaya a ciki, umarni kawai irin naki. Kafin a kira azahar mabiyiya ta fito cif, jini ya tsaya. Bayan la'asar mai jego ta buɗe ido ta ce yunwa take ji, a ba ta fura.

Wannan maganar ta fi ta farko gudu. Amma kada ki zaci labarin aikin ne ya fi tafiya, labarina ne. Wai Uwale ta zubar da kunya a bainar jama'a, ta kira sunan 'yar fari har sau uku. Tsofaffin gari in na wuce sai su rufe baki da mayafi suna ƙyalƙyala dariya. Ƙanwar mijina ta zo takanas ta tambaye ni ko zaman Turawa ne ya taɓa mini kai. Mata kuwa suka ce abin da ya sa mace irin Uwale ta yi haka, to lallai ba ƙaramin hannu ba ne. Sati biyu benci ya cika. Sati huɗu sai da Fasto ya sa kafinta ya ƙera na biyu, kuma ya yi shi da ƙafa ɗaya gajera, masu ciki na ta mita.

Manyanku sun dawo bayan yankan gero kamar yadda suka ce. Ran awo suka faɗo, suka rasa inda za su ajiye mota saboda babura da amalanke. Ba su kwashe komai ba. Sabon batirin sola ma suka sauke mana, tare da wata yarinya daga cocinku da za ta yi wata uku. Ran Asabar ta fara kwana a garin, don haka Asabe ce. Tana da kirki, tana cin tuwo da hannu biyu, rana ta gasa mata hanci har ya saɓule. Tana kwana a ɗakinki, ta gaji rishonki da gidan sauronki, kuma jiya na ji ana zaunar da ita ana koya mata lokutan salla kafin a bar ta ta ba da magani.

Saura abu ɗaya, shi ne ainihin abin da ya zaunar da ni rubutu. A ranar nan ta Laraba, da jama'a suka watse, muna bayan ɗaki mu biyu, ni da Hafsatu, muna wanke kayan aiki. Can ba tare da ta ɗago ba ta ce, “Yaya, ashe haka sunana yake a bakinki.” Na ga kafaɗarta na rawa, ban sani ba ko dariya take ko kuka, ina jin duka biyun ne. Na ce ta ɗauraye almakashin da kyau. Iyakar abin da na iya ke nan, amma ban matsa daga gefenta ba har muka gama.

Kin ci gardamar, Sista. Ta sani, kamar yadda na yi ta gaya miki, amma tana son ta ji, kamar yadda kika yi ta gaya mini. Shekara talatin kina jiran ki gan ni na sauko, kuma sai da kika tafi na sauko. Wannan kaɗai ke ɓata mini daɗin abin. Me ya sa ba ki jira damina ɗaya ba?

Kin yi shekaru kina roƙon Allah ya juyo da ni hanyarki, ni ma ina roƙon ya juyo da ke tawa, ba wadda ta gusa, kuma ba mu fasa cin tuwo a kwano ɗaya ba. Lamarinki yana wurin Allah, ya fi ni saninki. Ni dai abin da idona ya gani na alherinki zan faɗe shi duk inda aka tambaye ni, yanzu da bakina ya buɗe.

An kusa kiran magariba, kuma gobe awo, sai na riga masu ciki zuwa in ba haka ba su cinye ni a kan bencin nan mai gajeriyar ƙafa. Ki huta, aminiyata. Ƙofarki a buɗe take, kuma tana hannun da ya dace.

Taki,
Uwale ungozoma, uwar Hafsatu